Janar Hassan: ɗan sarkin da aka karɓe bulala daga fada a hannunsa

Ranar Asabar 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, gari bai gama wayewa ba Arewa ta rasa Firimiyanta, Sardauna Ahmadu Bello, ta rasa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta kuma rasa manyan hafsoshinta huɗu: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Cikin 'yan kwanaki aka ɗauki wannan yanki, wanda ya fi rabin ƙasar girma, aka ɗora shi a kan wani Manjo mai shekara 32. Bai taɓa riƙe ko gunduma ba. Abin da yake da shi, ban da horon soja, shi ne sunan ubansa.

Wannan Manjon shi ne Hassan Usman Katsina. Yau idan aka ambace shi, abin da ya fi zuwa bakin mutane shi ne kyauta da fara'a da ƙwallon doki, sai kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Katsina da lambun shaƙatawa na Ƙofar Gamji a Kaduna da aka sa wa sunansa. Duk gaskiya ne, amma ni ina ganin mun rage masa tsawo. Abin da ya sa rayuwarsa ta cancanci a zauna a kanta shi ne, jinin sarautar da ya ba shi kujerar gwamna, da shi aka yi amfani wajen raba fada da kotu da ɗan doka da gidan yari. Kuma duk mai kiran a mayar wa sarakuna ikonsu a yau, ya kamata ya fara tambayar kansa me ya sa ɗan Sarkin Katsina mai ci bai tsaya ya kare wannan iko ba.

Gidan da ya fito gida ne da ya iya karanta zamani. Kakansa Muhammadu Dikko yana Durɓi Turawa suka naɗa shi sarki a 1906, sarauta ta bar hannun Dallazawa ta koma Sulluɓawa. Dikko ya gane da wuri cewa ƙarfi ya sauya gida, kuma wanda ya ƙi boko zai wayi gari yana karɓar umarni daga ɗan baransa. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina, inda su Sardauna da Ɓalewa suka yi karatu. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi a 1944, ya taɓa shugabantar 'yan dokan Katsina tun yana saurayi, ya yi suna a ƙwallon doki har ƙetare, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu ya je har fagen Bama ya gai da sojojinmu. Saboda haka kaki ba baƙon abu ba ne a idon wannan sarki.

A idon sauran masu sarauta kuwa, baƙo ne, kuma abin raini. Rundunar da Turawa suka kafa tun farko da bayin da suka gudu da 'yan ci-rani da marasa gata aka cika ta, kuma ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Ɗan babban gida da ya yi boko hanyarsa a shimfiɗe take: ya shiga En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, ya yi malanta a ofishin hakimi, ya riƙe wani sashe, a kwana a tashi a naɗa masa rawani. Wa zai tura ɗansa inda sajan zai daka masa tsawa, ya sa shi tsallen kwaɗo cikin rana? Hassan, wanda aka haifa a 1933 ya kuma yi Kwalejin Barewa, ya bar waccan shimfiɗaɗɗiyar hanya ya shiga soja a 1956. A lura da shekarar. Tsarin kason da ya ware wa Arewa rabin guraben hafsoshi sai a 1961 aka kawo shi. Wato masu cewa alfarmar kaso ce ta kai shi Sandhurst, makarantar horon hafsoshi ta Ingila, ba su duba kalanda ba. Ya yi horonsa a Ingila kamar kowa, ya je Kwango aikin kiyaye zaman lafiya, ya dawo yana jagorantar rundunar motoci masu sulke a Kaduna.

A nan juyin mulki ya same shi. Akwai labarin da masu tarihin wannan rana suka sha kawowa: Manjo Chukwuma Nzeogwu, bayan ya gama da gidan Sardauna, ya tare shi da bindiga a hannu ya tambaye shi yana tare da su ko a'a, shi kuma ya amsa cewa yana tare da su. Wasu har gobe suna riƙe da wannan amsa a matsayin tabo. Ni ban gani ba. Mutumin da ya kashe Firimiya awa kaɗan da suka wuce yana tsaye gabanka da makami, kwamandan birged ɗinka Ademulegun an kashe shi a ɗakin kwanansa tare da matarsa, ba ka san wa ke raye a Legas ba. Da ya yi taurin kai, da an ƙara gawa ɗaya a lissafi, an kuma rasa mutumin da bayan kwana kaɗan Nzeogwun da kansa ya miƙa wa ragamar Kaduna. Masu jarumtar bayan fage ba su taɓa jin warin albarushi ba.

Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya karɓi mulkin ƙasa bayan juyin, ya naɗa gwamnoni huɗu: Ojukwu a Gabas, Fajuyi a Yamma, Ejoor a Yamma ta Tsakiya, Hassan a Arewa, tare da ƙarin girma zuwa Laftanar Kanar. Babu amfanin musun cewa haihuwarsa ta yi aiki a wannan zaɓi. Gaskiya ne hafsoshin Arewa da ke gabansa an kashe su, Yakubu Gowon kuma an riƙe shi a Legas. Amma Ironsi ya san Arewa ba da bataliya ake mulkinta ba. Daga Kaduna umarni yake sauka wurin sarki, daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har ya isa zauren talaka. Idan sarakuna suka naɗe hannu, gwamna takarda kawai yake rubutawa. Ana bukatar wanda zai shiga gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya san inda ake tuɓe takalmi, ya san irin durƙuson da ya kamata, ya san cewa shirun da sarki ya yi bayan an gama bayani shi ma amsa ce. Ba a koyar da wannan a Sandhurst. A soron gidansu ya tashi yana gani.

Ya kuma yi wayon da matasa masu iko ba su cika yi ba: ya san abin da bai sani ba. Tsohon gwamna Sir Kashim Ibrahim, wanda sojoji suka sauke, shi ya jawo kusa ya zama mai ba shi shawara. Ma'aikatan da Sardauna ya horar, irin su Ali Aƙilu da ya zama sakataren gwamnati, ya bar su suka ci gaba da tuƙa ofisoshi. Albashi bai tsaya ba, kasuwar gyaɗa da auduga ba ta tsaya ba.

To amma a nan ne nake rabuwa da masu yabon da ba ya da gishiri. A ƙarƙashin wannan gwamna ne aka yi kisan da ya fi kowane muni a tarihin biranen Arewa. Ranar 24 ga Mayun 1966 Ironsi ya fitar da doka ta 34, wadda ta rushe tsarin jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Mutanen Arewa, da ke kallon waɗanda suka kashe shugabanninsu a tsare ba a gurfanar da su ba, suka ɗauki dokar a matsayin cikon mamaya. Kafin ƙarshen watan zanga-zangar "a raba" ta rikiɗe ta zama farautar 'yan ƙabilar Ibo a Kano da Zariya da Gusau da wasu garuruwa. Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Ibadan. Sai kuma ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, lokacin da abin ya wuce misali, har sojojin bataliya ta biyar a Kano suka ɓalle suka buɗe wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa. Dubban mutane suka mutu, akasarinsu 'yan kasuwa da kafintoci da ma'aikatan reluwe da ba su san Nzeogwu ko a hoto ba. Ɗaruruwan dubbai suka tattara suka koma Gabas.

Hassan bai ba da umarnin wannan ba. Ya yi ta jawabi a rediyon Kaduna, ya yi ta jan sarakuna a jiki don su kwantar da jama'arsu, kuma akwai sarakuna da talakawan da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gidajensu. Amma gwamna shi ne gwamna. Kuma ga abin da ya fi damuna game da hujjar masu begen zamanin En'e: a 1966 sarki yana da ɗan dokansa, yana da alƙalinsa, yana da gidan yarinsa, mai unguwa ya san kowane baƙo da sunansa. Duk wannan na nan daram lokacin da aka yi ta yanka mutane a sabon gari. Tsarin da ake cewa ɓarawon akuya ba ya kuɓuce masa ya kasa tsare ran baƙon da ya shekara ashirin yana biyan haraji. Idan za mu yabi Janar Hassan saboda ya riƙe Arewa ba ta tarwatse ba, sai mu faɗi wannan ma a numfashi guda. Mu Hausawa mun iya tsallake shafin nan idan muna ba da labarin shekarar, kamar yadda wasu a Kudu suka iya tsallake daren 15 ga Janairu. Kowa ya karanta rabin da ya yi masa daɗi.

Bayan taron Aburi a Gana a farkon Janairun 1967, inda ya zauna teburi ɗaya da Gowon da Ojukwu aka tashi kowa da tasa fassarar, sai ranar 27 ga Mayu Gowon, wanda ya gaji Ironsi a shugabancin ƙasa, ya yanka ƙasar zuwa jihohi 12. Shida daga cikinsu daga Jihar Arewa aka fitar: Arewa maso Yamma, Arewa ta Tsakiya, Kano, Arewa maso Gabas, Binuwai-Filato da Kwara. A yi tunanin abin da wannan yake nufi ga mutumin da ke kan kujera. Yana mulkin yankin da ya tashi daga Sakkwato zuwa tafkin Chadi, daga iyakar Nijar zuwa ƙetaren Kwara da Binuwai, aka ce ya yarda a raba shi shida a miƙa wa na ƙasa da shi, har da 'yan sanda uku, Audu Baƙo a Kano da Usman Faruk a Sakkwato da Joseph Gomwalk a Jos. "Arewa ɗaya, al'umma ɗaya" ita ce aƙidar da gidan sarauta da jam'iyyar NPC ta su Sardauna suka rayu a kanta. Ojukwu, da aka taɓa nasa yankin, bayan kwana uku ya ayyana Biyafara. Hassan ya karɓa, ya koma shugaban hukumar riƙon kadarorin da jihohin shida suka gada tare, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyon Kaduna. Tibi da mutanen Filato da suka daɗe suna neman a sake su, har aka zubar da jini a ƙasar Tibi a 1960 da 1964, sun sami abin da suke so ba tare da Kaduna ta harba harsashi ko ɗaya don hana su ba.

Sai babbar maganar. Wanda bai rayu a zamanin ba zai yi wuya ya gane irin ikon da En'e take da shi. Sarki mai daraja ta ɗaya kotunsa tana iya yanke hukuncin kisa. Alƙali ma'aikacin En'e ne, sarki ke naɗa shi, baitulmalin En'e ke biyansa. Ɗan dokan da ya kamo ka na sarki ne, yarin da zai kulle ka na sarki ne. Lauya ba ya shiga kotun alƙali. Dattawan da suka yi NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, suna ba da labarin yadda abin yake a aikace: ka nemi izinin lacca a hana, ka tara mutum goma a gindin bishiya a ce ka yi taro ba izini, ka ambaci sunan hakimi a ce ka zagi sarauta. Da safe a gurfanar da kai, kafin azahar an yi maka bulala an aske maka kai, ka tafi wata uku ko shida kana ɗaukar bokitin bahaya a ka kana ratsa kasuwar garinku, 'ya'yanka na kallo. Mai ƙara da mai kamu da mai hukunci da mai tsaro duk daga zaure ɗaya suke karɓar albashi.

Wannan ne aka wargaza. Daga 1967 zuwa 1968 aka soke kotunan sarakuna, aka cire kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin Babban Joji. Gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya, 'yan doka kuma aka bi su sannu a hankali ana narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Ba zan ce Hassan shi kaɗai ya ƙirƙiro wannan ba. Tun zamanin Ironsi aka kafa kwamitin duba 'yan sanda da gidajen yari, gwamnatin Gowon ta amince, matasan ma'aikata 'yan boko a Kaduna sun daɗe suna so, su Malam Aminu Kano kuwa shekara goma sha biyar suna kuka a kai. Amma wani ne zai tsaya gaban sarakuna ya gaya musu, kuma a cikin waɗanda za a gaya wa har da mahaifinsa, tsohon shugaban 'yan doka. Da wani hafsa daga wani gida ne ya zo da wannan saƙo, da an ce ƙiyayya ce, da an ce an zo a ƙarasa abin da aka fara a Janairu. Da yake ɗan Nagogo ne, ba wanda ya isa ya ce bai san darajar rawani ba. Sarakuna suka haɗiye, ba don sun so ba.

Sauran aikinsa na soja ba sai an ja shi ba. A 1968, bayan rasuwar Joseph Akahan a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa, ya riƙe har bayan ƙarewar yaƙi a Janairun 1970. A hannunsa rundunar da ba ta wuce mutum dubu goma ba kafin rikici ta kumbura ta kai wajen dubu 250, da duk ɓarnar da irin wannan gaggawa ke haifarwa: horon 'yan makonni, kwamandojin fage da kowa ke jin kansa sarki ne. Ba a san shi da wata dabarar yaƙi da za a koyar a makaranta ba, kuma ba na jin ya taɓa da'awar haka. Aikinsa ɗinki ne, riƙe mutane masu zafin kai irin su Murtala da Adekunle a cikin riga ɗaya. Da aka kifar da Gowon a Yulin 1975 ya tuɓe kaki yana da shekara 42, ya koma Kaduna. Da Nagogo ya rasu a 1981, ɗan'uwansa Muhammadu Kabir aka naɗa, shi kuwa yana Ciroman Katsina har Allah ya karɓi ransa ranar 24 ga Yulin 1995.

Bayansa kaki ya daina zama abin kunya a fada. Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Mutawallen Katsina, ya kai mutum na biyu a gwamnatin Obasanjo, kuma a zamaninsu aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya binne En'e gaba ɗaya, aka bi da dokar mallakar ƙasa ta 1978 da ta damƙa filaye a hannun gwamna. Wani ɗan fadar Katsinan ke nan. Yau Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar tsohon Birgediya Janar ne, haka Etsu Nupe Yahaya Abubakar, Sarkin Gwandu Muhammadu Iliyasu Bashar kuma Manjo Janar ne mai ritaya. Barikin da iyaye ke gudu ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin hawa karaga.

Na fahimci abin da ke sa mutumin Batsari ko Zurmi ya yi begen zamanin da. Wanda aka kora daga gonarsa, aka sace masa mata, ya kira 'yan sanda aka ce babu mai a mota, ba za ka ba shi lacca a kan 'yancin ɗan'adam na 1967 ba. Kuma gaskiya ne an yi kuskure wajen gyaran: an karɓe bulala daga hannun mai unguwa, aka haɗa da idonsa da kunnensa aka watsar. Ba a bar masa ko littafin rubuta baƙi ba, albashinsa kuma abin kunya ne a faɗa. Wannan ana iya gyarawa gobe ba tare da an taɓa tsarin mulki ba: a mayar wa dagatai da masu unguwanni rajistar haihuwa da mutuwa da baƙi, a ba sulhun da suke yi tsakanin manomi da makiyayi ƙarfin doka, a biya su abin da zai hana su sayar da labari ga wanda ya fi tsoratar da su.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sake haɗa kamu da hukunci a hannun wanda talaka ba zai iya cirewa ba. Kuma masu wannan kira sun manta cewa sarkin yau ba Nagogo ba ne da ya shekara 37 a kan gado. Sarkin yau takardar gwamna ce ke naɗa shi, ita ke sauke shi. Mun ga Abacha ya tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, mun ga an tuɓe Jokolo a Gwandu a 2005, mun ga Kano an yanka ta biyar a 2019, an sauke Sanusi a 2020, wata gwamnatin ta dawo da shi a 2024, gari ɗaya mutum biyu kowa na amsa sunan sarki. Duk ɗan dokan da aka ba fada a wannan yanayi, gwamna aka ba, sai dai an naɗa masa rawani don kada a gane shi. Haka nan maganar 'yan sandan jihohi da ake ta turawa. Kafin a sa hannu, ina so in ji wa zai naɗa kwamishinan, wa zai iya korarsa, kuma wace kotu ɗan adawa zai kai kuka idan aka kama shi ana saura kwana uku zaɓe. Idan amsar duka ukun mutum ɗaya ne, to En'e muka sake ginawa, wannan karon babu ko kunyar idon talakawa da ke hana wasu sarakunan da wuce gona da iri.